Yadda na auna kalmomin sassauci sa'ad da nake duba rahoton Turanci

Aikin da aka ɗora mini shi ne in karanta daftarin wani rahoto da aka rubuta da Turanci, in rubuta abin da na gani a gefen kowane shafi, in mayar wa mai shi kafin a aika wa waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Wanda ya rubuta rahoton ya girme ni, ya kuma daɗe da yin nisa a fannin tun kafin in shigo. Da ya turo mini sai ya ce, “Ka duba da kyau, kada ka ji nauyina. Duk abin da ka ga bai zauna ba, ka faɗa.” Na ce, “To, ranka ya daɗe.”

Faɗa wa babba gaskiya baki da baki yana da sauƙinsa. Kana da murya da za ka sassauta, kana ganin fuskarsa, in ka ga ya ɗaure sai ka sake lale. A rubuce ba ka da ko ɗaya. Jimlar ce kawai za ta isa gabansa, wataƙila da dare, wataƙila a gajiye, kuma da irin muryar da ya ga dama zai karanta ta. Shi ya sa masu rubutun Turanci suke dogara da wasu 'yan kalmomi da ke yin aikin da murya take yi: “might”, “could”, “perhaps”, “it seems”, “I would suggest” da makamantansu. Masana harshe suna kiransu “hedges”. Masanin harshe ɗan Amurka George Lakoff ne ya fito da sunan fili a farkon shekarun 1970, inda ya bayyana su da cewa kalmomi ne da aikinsu shi ne ƙara wa magana duhu ko rage mata. Ni dai kalmomin sassauci nake ce musu.

Rahoton ya shafi wani shirin horar da manya ne, inda wasu daga cikin waɗanda suka yi rajista suka daina zuwa kafin a kammala. Na fara karanta shi daga farko har ƙarshe ban rubuta komai a jikinsa ba. Sannan na ɗauki wata takarda daban, wadda ba wanda zai gani sai ni, na zuba duk abin da ya tsaya mini a rai gatsau, ba ado: adadi bai yi daidai ba, wannan sashe ya yi tsawo, wannan hujja ba ta kai ba, a sauya wa wannan wuri. Ina ba kowa shawarar ya yi haka. In ka fara da neman kalmar ladabi tun ba ka san ainihin abin da kake son faɗa ba, ladabin zai cinye maganar, ka wayi gari da jimla mai daɗin ji wadda ba ta ɗauke da komai.

Da na gama, sai na bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya ina yi wa kowanne tambaya biyu. Yaya ƙarfin tabbacina yake a kan wannan? Kuma marubucin yana da zaɓi a kai, ko dole ne ya gyara? Amsar waɗannan tambayoyi ce ta zaɓa mini kalmomi, ba girman mutumin ba. A nan duk aikin ya rataya.

Akwai abubuwan da ba ni da shakka a kansu, shi ma ba shi da zaɓi. Jimillar da ke ƙasan jadawali na 3 ba ta yi daidai da wadda aka ambata a shafi na 12 ba. Na lissafa, na sake lissafawa. Wannan ba wurin “perhaps” ba ne. Abin da na rubuta shi ne: “The total in Table 3 does not match the figure on page 12. Could you check which one is correct?” Jimlar farko tsaye take, ba sassauci ko kaɗan, don gaskiya ce da kowa zai iya gani da idonsa. Ta biyu ce ta ɗauki ladabin. “Could you” ɗin nan ba shakka yake nunawa ba, roƙo ne cikin girmamawa. Mutane da yawa suna cakuɗa waɗannan abubuwa biyu: suna son su nuna ladabi sai su nuna shakka. Da na rubuta “the total might not match”, da na faɗi abin da ba shi ne a raina ba, don na san bai yi daidai ba. Kuma da mai rahoton yana iya cewa a ransa, to, tunda shi ma bai tabbata ba, bari in wuce. Sai kuskuren ya tafi a haka har gaban waɗanda za su karanta.

Akwai kuma abubuwan da ra'ayina ne kawai. Na ga kamar sashen da ya bayyana yadda aka tattara bayanai zai fi amfani in ya zo kafin sakamako, amma wani mai karatun na iya ganin akasin haka, kuma rahoton ba nawa ba ne. Nan ne gidan kalmomin sassauci na asali. Na rubuta: “You might consider moving this section before the results.” A wani wurin: “It may be worth adding a short definition here.” A wani kuma: “One option would be to split this paragraph in two.” Wannan na ƙarshe ina son sa ƙwarai, don da ka ce hanya ɗaya ke nan, ka riga ka amince akwai wasu hanyoyin, ka bar wa mutum ƙofa a buɗe ya zo da tasa. Kuma kowace shawara na haɗa mata dalili, ko da rabin jimla ne: “so that readers know who was surveyed before they see the numbers”. Shawara mai taushi da ba ta da dalili ita ce aka fi saurin tsallakewa. In ka ba da dalili, ko mutum bai ɗauki maganinka ba, ya ga ciwon.

Ginin jimlolin nan yana da ƙa'idarsa, kuma na tsaya na tabbatar da kowanne. Bayan “consider” da “worth”, aikatau yana ɗaukar “-ing” ne: “consider moving”, “worth adding”. “Suggest” ma haka, ko kuma ya ɗauki “that”: “I suggest moving it” ko “I suggest that you move it”. Na sha ganin ana rubuta “I suggest you to move it”, wanda Turanci bai yarda da shi ba, ko da yake “I advise you to move it” daidai ne, kuma ina jin daga nan ruɗanin yake tasowa. Bayan “might”, “may” da “could”, aikatau tsurarsa yake zuwa, ba “to” ba ƙari. Sai “maybe” da “may be”: na farko kalma ɗaya ce mai ma'anar wataƙila, na biyu kuwa kalmomi biyu ne, aikatau ne, kamar a “this may be too long”. A rubutun aiki na fi amfani da “perhaps” a kan “maybe”, don “maybe” ya fi kama da hira.

Wani abu da ya ɗauki hankalina shi ne yadda Turanci yake amfani da siffar lokacin da ya wuce don ya ja da baya kaɗan daga mai karatu. “Can” ya koma “could”, “will” ya koma “would”, “I wonder” ya koma “I was wondering”. Wanda ya rubuta “I was wondering whether this paragraph is needed” ba labarin jiya yake bayarwa ba, yanzu yake tambayar. Ya dai tura ta baya ne don kada ta tsaya wa mutum a fuska. Haka “I would suggest” ya fi “I suggest” laushi da taki ɗaya. Da na fahimci wannan sai na daina ɗaukar jimlolin a matsayin abin haddacewa, na ga ashe tsani ne, kana iya hawa ko sauka gwargwadon buƙata.

Akwai waɗanda na kauce wa da gangan. “You had better” yana ɗauke da gargaɗi, kamar ana cewa in ba ka yi ba za ka gani. “Why don't you” a baki shawara ce ta abokai, amma a rubuce, ba murya, yana iya fitowa kamar tuhuma: me ya hana ka? “You should” ba laifi ba ne, sai dai daga ƙarami zuwa babba yana da nauyi. Inda na buƙaci ƙarfinsa, sai na ɗauke shi daga kan mutum na ɗora a kan rubutun: “This section should state how many people responded.” Sashen ne ya kamata ya faɗa, ba a nuna kowa da yatsa ba, kuma ƙarfin maganar bai ragu ba.

Wurin da ya fi cin lokacina shi ne kammalawar rahoton. Marubucin ya rubuta cewa lokacin da aka sa darussa shi ne ya sa mutane suka daina zuwa: “The timing of the classes caused participants to drop out.” Na koma na duba yadda aka samo wannan. Ashe takardar tambayoyin a makon ƙarshe aka raba ta, ke nan waɗanda suka jure har ƙarshe ne suka amsa. Su ne suka ce lokacin bai yi musu daɗi ba. Waɗanda suka tafi kuwa, ba wanda ya ji ta bakinsu. Mai yiwuwa lokacin ne ya kore su, mai yiwuwa kuma wani abu ne daban da waɗanda suka zauna ba su sani ba.

Nan aiki biyu ne a gabana. Dole in nuna masa matsalar, sannan in ba shi shawarar ya sassauta tasa jimlar. Kuma in na yi tambayoyina biyu, amsar ba iri ɗaya ba ce: na tabbata hujjar ba ta kai ga “caused” ba, amma yadda za a gyara jimlar, wannan nasa ne. Saboda haka na raba maganar gida biyu. Na farko a tsaye: “The questionnaire was completed only by those who stayed to the end, so it cannot show why others left.” Na biyu a sassauce: “You might rephrase this along these lines: Responses from those who completed the course suggest that timing may have contributed to dropout.”

Na daɗe ina kallon wannan jimla da na ba shi. A cikinta akwai “suggest”, akwai “may”, akwai kuma “contributed to” maimakon “caused”. Na tambayi kaina ko sassaucin bai yi yawa ba. Sai na ga kowanne da aikinsa. “Suggest” yana cewa bayanan suna nuni ne, ba su tabbatar ba. Yana ƙasa da “indicate”, wanda yake ƙasa da “show”, wanda shi ma yake ƙasa da “prove”. “May” yana cewa abin mai yiwuwa ne. “Contributed to” yana cewa ko da lokacin yana da hannu, ba lallai shi kaɗai ba ne. Amma abin da ya fi su duka aiki shi ne farkon jimlar, “from those who completed the course”. Wannan ba sassauci ba ne, iyaka ce: ya faɗi takamaimai su wa aka tambaya. Na lura duk inda zan iya faɗin iyakar abin da na sani, kamar “in this sample” ko “among those who responded”, buƙatar “perhaps” tana raguwa da kanta.

Wasu suna ɗaukar irin wannan rubutu a matsayin tsoro. Ban yarda ba. A ranar 25 ga Afrilu 1953, James Watson da Francis Crick suka wallafa gajeriyar maƙalarsu a mujallar Nature kan siffar DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta), ɗaya daga cikin manyan binciken ƙarni na 20. Kalmomin da suka buɗe ta da su su ne “We wish to suggest a structure”, wato muna so mu kawo shawarar wata siffa. Kusa da ƙarshe kuma, inda suka taɓo yadda ƙwayoyin gado suke kwafin kansu, “suggests a possible copying mechanism” suka ce. Samfurin da suka gina bai riga ya samu cikakkiyar tabbatarwa ta gwaji ba, sai suka yi magana daidai inda hujjarsu ta tsaya. A 1998 masanin harshe Ken Hyland ya fitar da littafi guda sukutum a kan yadda masana kimiyya suke sassauta magana a maƙalunsu. Ba ado ba ne a wannan fanni, hanya ce ta gaya wa mai karatu iya nauyin da zai ɗora a kan kowace magana.

Sai dai akwai haɗarin da ya dame ni tun ina tsakiyar aikin: abin da nake nufi da “might” ba lallai shi mai karatu zai ji ba. Akwai wani sanannen labari a kan haka. A 1951 masu nazari na hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, suka rubuta cewa harin da za a iya kai wa ƙasar Yugoslabiya ta wancan lokaci a shekarar “a serious possibility” ne. Sherman Kent, wanda yake cikin waɗanda suka amince da jimlar, yana nufin yiwuwar harin ta kai kusan kashi 65 cikin 100. Da wani babban jami'in ma'aikatar harkokin waje ya tambaye shi, sai Kent ya tarar mutumin ya fahimci abin da ya yi ƙasa da haka nesa. Kent ya koma ya tambayi abokan aikinsa da suka sa hannu tare, sai ya ga fahimtarsu ta tashi daga kashi 20 har zuwa kashi 80. Magana ɗaya, mutanen da suka rubuta ta tare, kowa da nasa lissafin. Ya ba da labarin a wata maƙala a 1964. Irin wannan matsala ce ta sa kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ɗaure kalmominsa da adadi: “likely” na nufin daga kashi 66 zuwa sama, “very likely” daga kashi 90, “virtually certain” daga kashi 99.

A shawarwarin ofis ma haka abin yake, sai dai ta wata fuskar. A wurare da dama, musamman inda salon Birtaniya ya yi tasiri, in shugaba ya rubuta wa na ƙasa da shi “you might want to look at this again”, ba zaɓi yake ba shi ba, umarni ne a nannaɗe. Wanda ya saba da haka zai ɗauki kowane “might” nawa da nauyi. Wanda ya saba da magana kai tsaye kuwa zai ɗauka duk wasa ne, ya tsallake su gaba ɗaya. Ni kuma ban so mai rahoton ya tsaya yana canki-canki a kan nufina.

Abin da na yi shi ne, na rubuta ɗan bayani a saman shafin farko: “Comments marked with a star point to things that need to be corrected before the report goes out. The rest are suggestions, to take or leave.” Na sa alamar tauraro a kan jadawalin da bai yi daidai ba, da kan kammalawar, da wasu 'yan wurare. Wannan layi biyu ya sauke wa kalmomin sassauci kayan da ba za su iya ɗauka ba. Yanzu “might” yana iya zama “might” ɗinsa, don an riga an faɗi inda dole take.

Daga nan sai tankaɗe. Na karanta kowace shawara da ƙarfi, ina sauraron inda ta yi nauyin baki. Ƙa'idar da na bi ita ce sassauci ɗaya ga kowace shawara, sai in na biyun yana da aikin da na farko bai yi ba. Jimla irin “I just think that perhaps it might possibly be better to shorten this” tana ɗauke da sassauci har biyar a kan magana ɗaya tak, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da aka ce masa ya shigo amma bai fasa ƙwanƙwasawa ba. “It might be better to shorten this” ta ishe ta. Na kuma lura da “just” da “sorry”. Ba shawarar suke sassautawa ba, mai ba da ita suke ƙanƙantarwa, kuma wanda aka nemi ya duba aiki bai kamata ya nemi gafarar dubawa ba.

“I may be wrong” na bar shi a wuri ɗaya kawai, inda gaskiya ne. Akwai wata hanyar lissafi da ya yi amfani da ita wadda ya fi ni sani nesa ba kusa ba, amma na ga kamar adadin mutanen ya yi kaɗan a gare ta. Na rubuta: “I may be wrong here, as you know this method better than I do, but is the sample large enough for it?” Na juya ta tambaya don tambayar nake yi da gaske. Da na yayyafa “I may be wrong” a ko'ina, da a wannan wurin bai ɗauki ma'anar komai ba.

Bayan na mayar masa, ya kira ni muka zauna da rahoton a gabanmu. Jadawalin ya riga ya gyara, ya ce layi ɗaya ne ya maimaitu wurin kwafi. Batun sauya wa sashen wuri bai ɗauka ba. Ya ce waɗanda za su karanta sakamako suke fara nema, kuma ya san su fiye da ni. Ban ja ba, don tun farko zaɓi na ba shi. Lissafin kuma ya yi mini bayani, ya nuna mini dalilin da ya sa adadin ya isa, na ƙaru.

A kan kammalawar ce muka daɗe. Ya ce, “Yanzu kai kana ganin in na sa ‘may have contributed’ ba za su ce ba mu san abin da muke yi ba?” Na ce, “Ranka ya daɗe, in ka bar ‘caused’, mutum ɗaya ya tambaya su wa aka tambaya, me za mu ce?” Ya yi shiru yana duba shafin da aka bayyana ranar raba takardun. Sai ya ɗauki biro ya soke “caused”. Amma “may” ɗin bai kwanta masa ba. Ya ce waɗanda suka amsa sun faɗi damuwarsu da lokacin ƙarara, wannan ba abin shakka ba ne, abin da ba a sani ba shi ne ko ita ce ta kori sauran. Ya raba jimlar biyu da hannunsa: “Those who completed the course reported difficulty with the timing of classes. Whether this explains dropout is not yet clear.” Tasa ta fi tawa, don ta sa tabbaci inda akwai shi, ta sa shakka inda take. Sannan ya ƙara shawara a ƙarshen rahoton cewa a zagaye na gaba a nemi waɗanda suka daina zuwa a ji daga bakinsu, ya kuma ce in tsara tambayoyin da za a yi musu.